Barau Mai Agogo da Akwatin Lugude

A kasuwar Ajingi, kusa da masu gyaran keke, akwai wani ɗan tebur mai murfin gilashi da ya girmi da yawa daga cikin 'yan kasuwar. Na Barau ne. Mutumin Toranke ne, maƙwabcina, katanga ce kawai ta raba mu. Ya koyi gyaran agogo a Gaya tun yana saurayi, a hannun wani tsoho da ba ya koyarwa da baki, sai dai ka zauna ka sa ido. Ina jin har shirun Barau ya koyo.

A da, ranar kasuwa teburin nan cika yake da agogunan malaman makaranta da na alhazai. Da waya ta zo, kowa ya koma duba lokaci a aljihu. Barau bai yi ƙorafi ba. Yana noma gyaɗarsa da geronsa, ranar kasuwa kuma ya hau kekensa ya tafi, ko da batir ɗaya zai canja wa wani.

Matarsa Hansai kuwa ba a san ta da shiru ba. A unguwarmu, duk jajibirin Sallah mata kan taru a tsakar gidanta su yi surfe da dakan fura. Su kewaye turmi, kowace da taɓaryarta, wannan ta sauke waccan ta ɗaga, su cilla taɓarya sama su tafa kafin su cafe. Shi ne lugude. Hansai ce mai ba da waƙa, saura su amsa. Waƙar tana bin gidajen unguwa ɗaya bayan ɗaya tana tsokanar wadda ba ta fito ba. Mu maza daga zaure muke jin Sallah ta ƙaraso.

Sai aka yi wa Hansai aikin maƙoƙo a Kano. Ta warke, alhamdu lillahi, amma muryar ta dawo a dishe, can ƙasa. Da jajibirin ƙaramar Sallah ta zo, mata suka taru yadda suka saba, ita kuwa ta shige ɗaki ta saki labule. Aka yi daka babu waƙa, kowace ta kwashe garinta ta tafi. Na dai ga Barau ya daɗe yana goge tabarau wanda ba shi da datti.

Ana cikin haka, Musbahu mai kayan gwanjo ya kawo masa wani ɗan akwatin katako da ya tsinta a cikin dila, ya ce wai ko agogo ne da ya rasa fuska. Barau ya buɗe. A ciki akwai sifirin irin na agogo, da wani ɗan gungumen ƙarfe mai ƙananan ƙayoyi, da jerin haƙora kamar na mataji. Ya ɗiga masa mai, ya wana makullin. Gungumen ya fara juyawa, ƙayoyin suna tsinkar haƙoran, sai ga kiɗa siriri yana fitowa.

Wata malama 'yar bautar ƙasa da ke sayen tumatir ta juyo da sauri. Ta ce waƙar Kirsimeti ce, kakarta tana da irinsa a garinsu. Ta tsaya har ya ƙare, ta roƙa a maimaita.

Bayan ta tafi Barau ya dube ni ya ce, "Malam Tukur, ka ga mutane? Waƙar sallarsu suka sa a akwati. Ko mai waƙar ya yi mura, ita tana nan."

Na ce na gani.

Daga ranar ya tare a zaure. Ya cire gungumen ƙarfen ya naɗe a tsumma ya adana, ya ce amanar masu shi ce. Ya sassaƙa wani daidai shi da icen kanya. Ya bi haƙoran da tsinke yana saurare, ya ware waɗanda suka dace da waƙar Hansai. Sannan ya riƙa karya allura yana dasa gutsattsarin a jikin icen, yana fito a hankali don kada a ji a cikin gida. Ya yi awo da kyau, ƙaya bayan ƙaya, tazara daidai, ko'ina a cike. Da ya gama ya kunna mini. Na ji kamar waƙar ce, kuma kamar ba ita ba. Na ce a kai wa wadda ta sani.

Muka tafi Kademi wajen yayarsa Hanne, wadda ta yi shekaru tana amshi a bayan Hansai kafin ta koma gidan ɗanta. Ta kara akwatin a kunne, ta saurara, ta ajiye.

"Barau, wa ya rasu?"

"Yaya, waƙar lugude ce fa."

"Wannan? Wannan ai agogo ne yake ƙirga wa mara lafiya lokaci. Ina wurin tafi?"

"Wane tafi?"

"Ka ji shi! Ka tsufa a gidan waƙa, ashe ta katanga kake jin ta. Tashi."

Ta sa jikokinta suka mirgino turmi, ta zuba gero, ta miƙa masa taɓarya. Barau ya waiwaya ko'ina, ya ce, "Yaya, da girmana?"

"Girman yana gona. Kama!"

Ya kama. Tana rerawa yana daka, sai ta ce, "Cilla!" Ya cilla, ya tafa, ya manta da cafewa. Taɓarya ta sauka a kan ɗan yatsan ƙafarsa. Matan gidan suka fashe da dariya har wata ta zauna a ƙasa. Ni dai na duƙar da kai ina duba takalmina.

Hanne ta ce, "To, da taɓarya tana sama, ka ji na ce wani abu?"

Yana riƙe da ƙafa ya ce, "A'a, shiru kika yi."

"Ai shirun nan na hannu ne. Baki ya yi nasa, ya ba hannu wuri. Kai kuma ka bi ka toshe ko'ina da allurarka."

A mota muna dawowa, yatsunsa na ta buga kiɗan a kan gwiwa. Washegari ya ɗauki hantsaki ya fara zare allurai. Abin ya yi masa wuya, domin mai gyaran agogo bai saba ganin giɓi ya ƙyale ba. Kowace ya zare sai ya yi tsaki. Da ya gama, icen ya zama kamar bakin tsoho.

Jajibirin Babbar Sallah, bayan la'asar, mata suka taru. Labulen Hansai a sake. Barau ya ba 'yarsa Muhsina akwatin, ya nuna mata yadda ake wanawa, ya ce ta ajiye a bakin ƙofar uwarta. Mu muka zauna a zaure, kunne kawai muke da shi.

Muka ji Muhsina ta ce, "Don Allah ku dakata da dakan." Taɓare suka tsaya. Kiɗan ya taso, siriri, sai ka riƙe numfashi kake jin sa. Ya yi baitin farko, ya zo wurin giɓin, ya yi shiru. Ba wadda ta motsa. Ya ci gaba, ya sake zuwa giɓin.

Sai muka ji tafi daga cikin ɗaki. Tafi biyu, a daidai wurinsu.

Barau ya cire hularsa ya mayar.

Sifirin ya fara saki, kiɗan yana ja da baya. Sai ga wata murya a dishe, kusa da ƙofa: "Wannan 'yar ta cikin akwati ta gaji tun ba a yi nisa ba. Wa ya koya mata?"

"Baba ne, Inna."

"Shi ya sa. Ƙara mata ƙarfi. Ke Raihana, haka ake riƙe taɓarya a gidanku? Ba ni nan."

Daga nan ba mu ƙara jin akwatin ba, turmi ya danne shi. Muryar Hansai ma ba ta kai zaure sosai. Ita dai takan faɗi baitin ƙasa-ƙasa, na kusa da ita su ɗauka su ɗaga, unguwa ta amsa. Da aka zo kan gidana na ji an ambaci maiɗakina, wai tana can tana neman ɗankwali tun azahar. Ba a jima ba na ga ta wuce ta gabanmu da sauri, da ƙwarya a kai.

Can Hansai ta ɗaga murya iya ƙarfinta ta ce wa Barau, "Malam, an ce a Kademi ka yi daka?"

Barau ya ce, "Sharri ne."

"To ɗingishin fa?"

Gidan ya kaure da shewa.

Akwatin yana ɗakin Hansai yanzu, a cikin babbar samira, an naɗe shi da kallabi. Ran kasuwar da ta biyo baya Barau ya nemi aro, yana so ya nuna wa malamar nan abin da ya zama. Hansai ta ce ba inda za a kai mata shi. In malama tana son ji, ta zo Toranke, akwai taɓarya ɗaya da ba mai ita.

Ta kuwa zo. An ce ta fi Barau iya cafewa.