Barewar Da Ta Ƙi Gudu

Tun rana ba ta yi zafi ba Malam Sharfuddeen, malamin dabbobi na Wurno, yake ɗaure kular ƙanƙara a bayan babur, ya bi mashaya yana duba sawun barewa da kashinta. Har tsiya ake yi masa, wai an ba shi awaki ya koma likitan namun daji. Shi kuwa cewa yake, ruwan da barewa ta sha da safe shi akuya ke sha da hantsi.

Mutanen Kwargaba ba su manta ranar da Ɗantani makiyayi ya dawo ruga da barewa a kafaɗa ba. Da hannu ya kama ta, ko yunƙuri ba ta yi ba. Aka yi ta murna, ya ɗaure ta cikin awakin uwarsa Inna Asta, awakin da su ne cinta da shanta.

Da Malam ya iso, ya ga kwantsa ta rufe idon barewar, majina na zuba, zawo ya ɓata mata ƙafafu.

"Ɗantani, mi yas sa ka ɗauko wagga?"

"Rabo na, Malam. Tsaye tay yi tana jira na."

"Barewa mai lahiya ta taɓa jiran mutum?"

Ya sa safar hannu, ya goga auduga a hancinta, ya aika ɗakin gwaji a Sakkwato. Sannan ya yanke: awakin Inna Asta ba mashaya, ba kasuwa, sai sakamako ya dawo. Ga kasuwar Goronyo ta matso, ga rumbu wayam!

Ranar kasuwa Ɗantani ya koro awakin, ya tarar Malam ya gicciya babur a burtali. Ya ɗaga sanda. Malam bai matsa ba.

"Buga, ɗan'uwa. Amma ba su wucewa."

Sai muryar Inna Asta daga baya: "Aje sandag ga, Ɗantani."

Kai ne, Malam, ka sha zagi ka haɗiye. Kai ne kake jido ruwa a jarka kana shayar da awakin da ake zaginka dominsu.

Sakamako ya zo: ƙwayar bairos ce, mai saurin kama awaki. Aka bi rugage da allurar rigakafi har Rabah. Awakin Inna Asta fiye da rabi suka mutu, wallahi abin tausayi. Na maƙwabta kuwa ko ɗaya bai kwanta ba.

Bana da ka yi ritaya, tsohuwar nan, Inna Asta, ta zo da ƙwaryar nono, ta dire gabanka.

"Ɗana, awakina sun tahi. Amma da ka bar mu mun wuce, da wane ido zan dubi maƙwabtana?"

Mun gode, Malam Sharfuddeen, Allah Ya saka. Ku da kuka gaji kular nan tasa, in ranar ta zo, ku gicciya babur.