Ƙwarya Kife a Kan Ruwa

Shekarata ashirin da uku lokacin da na fara koyon kiɗan ƙwarya, Gwaggona kuwa ta haura sittin. Mu biyu ne ɗaliban, kuma malamarmu ta rantse ba ta taɓa ganin hannuwa huɗu marasa jin magana irin namu ba.

Wata huɗu kafin nan, kwalekwale ya kife da mu a fadamar Zauro, za mu kai wa masu yankan shinkafar Baba abinci. Mu shida ne, kuma Allah ya tsare, ba wanda ya rasu. Sauran sun faɗa gefe, ni kuwa na tsinci kaina a ƙarƙashin jirgin, cikin duhu, ruwa har haɓata, sai 'yar iskar da ta maƙale a ciki nake shaƙa. Na yi ta dukan katakon da hannu har masunta suka ji suka ɗaga shi. An ce ban daɗe ba. Ni ban yarda ba har yau.

Tun daga ranar ba na iya kallon ruwa a tare. Buta ba ta dame ni ba, don bakinta ƙarami ne. Amma daro, bokiti, randa in an buɗe, sai in ja da baya. Wanka da kofi nake yi, ido a rufe. Wanke-wanke ya gagare ni a gidanmu na Badariya, cikin Birnin Kebbi. Ba wani babban buri nake da shi ba, so nake kawai in tsoma hannu a ruwa kamar kowace mace.

Da Baba ya rasa dabara, sai ya ce in je wajen yayarsa in huta. A ina? Argungu. Mai tsoron ruwa aka kai Argungu! Ko Mama sai da ta yi dariya, sannan ta share hawaye.

Na tarar Gwaggo ta fita takaba ba da daɗewa ba, ta sayo ƙore manya guda uku ta jera a ɗaki. Marigayi mijinta mutumin kirki ne, amma ba ya son kiɗa ko kaɗan, ko lugude aka yi a turmi sai ya yi gyaran murya daga zaure.

"Shekara arba'in ina kiɗa cikin cikina," in ji ta. "Allah shi jiƙanai, amma yanzu hannuna za su hito."

Malamarmu maƙwabciya ce mai bandar kifi, ita ke yi wa mata kiɗa a biki da suna. Inna nake ce mata. Kullum bayan la'asar za ta shigo tana warin hayaƙi, a kife ƙore a kan tsumma a gindin darbejiya, ta miƙa mana 'yan sanduna. Ba ta ƙirga ɗaya, biyu. Magana take sa wa kiɗan, mu bi da hannu: "Tarwaɗa ta ƙone, ɗauko wata. Tarwaɗa ta ƙone, ɗauko wata."

Gwaggo ta ɗaga sanda kamar za ta kashe kunama, ta sauke. Kaji suka watse, akuya ta tsinke igiya.

"Ke tsohuwa, ba gero kika daka ba!"

"Wa at tsohuwa? Ina amarya kina da jika."

"Awo, amarya. To bugi a hankali, ƙwaryag ga ba ita ta hana ki kiɗa ba."

Rana ta uku Gwaggo ta fasa ƙwarya ɗaya. Ta ɗaga ɓarin tana dubawa da mamaki, ta ce ai tun a kasuwa ta lura ba ta da lafiya. Na yi dariya har na kwanta a tabarma, haƙarƙarina na ciwo. Rabona da irin wannan dariyar tun kafin Zauro. Ni ma ba gwana ba ce. Hannun damana na tafiya, na hagu na tsaye yana kallo. Inna ta ce duk karatun sakandaren nan da na yi, ashe ba a koya mana tarwaɗa ba. Amma a mako na biyu sai ga hannuna sun fara gaisawa. Ina cin tuwo ina kiɗa a gwiwa, ina tsefe kai ina kiɗa da mataji.

A mako na uku ne Inna ta shigo da daro a ka. Ta cika shi da ruwa, ta ɗauko ƙaramar ƙwarya ta kife a sama. Ƙwaryar ta yi lilo, ta tsaya, bayanta a waje, bakinta cikin ruwa.

Ban san lokacin da na kai ɗaki ba. Jirgin nan ne na gani, sak.

Ba wadda ta biyo ni da lallashi. Ina zaune bayan ƙofa na ji Inna ta buga: dum, dum, dum. Sauti mai zurfi, daga ciki yake fitowa. Na san shi. Shi na yi da hannuna a fadama. Sai kuma Gwaggo ta karɓi sanda, ƙwaryar ta dinga gudu tana zagaye daro, tana bin ta tana zagi, ruwa ya fallatso mata a fuska.

"Tsaya mana, 'yar banza! Ke ɗiyata, taho ki ga wulaƙanci!"

Dariya ta ƙwace mini. Na leƙa ta labule.

Washegari Inna ta kawo labari. Akwai suna a bayan layinmu nan da kwana shida, abokiyar kiɗanta kuma ta tafi Augie jinya. Ita za ta riƙe babbar ƙwarya, Gwaggo ta biyu, saura ta ruwa. Gwaggo ta ce gwiwoyinta ba sa tsugunno, ko da yake da safe na gan ta tsugune tana gyaran albasa. Duk suka zuba mini ido.

Na ce zan yi, amma daga nesa. Sai na ɗauko muciya. Haka na yi kwana biyu, zaune can, hannu a miƙe, fuska a juye, ina dukan ƙwarya da muciya kamar mai korar maciji. Inna ta ce in aka gan ni haka a gidan suna ta daina fita kasuwa. Rana ta uku na matso na karɓi sanda. Ina kallon bayan ƙwaryar kawai, ba na kallon ruwan. Inna ta nuna mini cewa iskar da ke ƙarƙashi ita ke ba da sauti. In ta zurare, ƙwarya ta nutse, sai a sa hannu ta ƙasa a ɗaga bakinta ta sha wata. Kullum ita ke yi mini wannan.

Ranar suna gidan ya cika da mata. Muka fara, kuma wallahi kiɗa ya tashi! Gwaggo ta ture ɗankwali gaba, tana bugu tana girgiza kafaɗa, mata na liƙa mata alawa a goshi. Kakar jariri ta shiga fili. Ni ma na manta kaina, na kai wa ƙwaryata duka a gefe. Ta karkace, ta yi ɓul-ɓul, ta nutse rabi. Sautin ya mutu.

Na dubi Inna. Hannunta biyu na aiki, ba ta da na uku. Ta nuna daron da haɓa. Masu rawa sun fara waige.

Na tsoma hannu.

Ruwan da sanyi, ya kai mini wuyan hannu. Na laluba na kama bakin ƙwaryar ta ƙasa, na ɗaga, kamar yadda aka ɗaga mini. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Na mayar da ita, ta hau sama tana lilo. Ihu ya ƙwace mini, na tsoro ne zalla, amma matan suka ɗauka guɗa ce, suka amsa gaba ɗaya. Gwaggo kaɗai ta gane. Ta saki kiɗanta, ta ɓata tarwaɗar duka, tana dariya hawaye na zuba.

"Bugi, ɗiyata, bugi!"

Na buga da jiƙaƙƙen hannu har aka kira magariba.

Yanzu na dawo Birnin Kebbi. Ban koma Zauro ba, kuma in mota ta hau gada har yau runtse ido nake yi. Amma ni ke wanke-wanke a gidanmu, a daro, har gwiwar hannu. In na gama sai in kife kwano ɗaya a kan ruwan in ɗan buga, Mama na daga kicin tana tambayar wace tarwaɗa ce ta ƙone.