Keken Munzali, Yadda Ya Bar Shi

Shekara bakwai ke nan a wannan wata da rasuwar Munzali, ɗan Gwaggona, taubashina kuma abokina. Na daɗe ina jinkirin rubuta wani abu a kansa, domin ban tabbata masu karanta jarida za su damu da labarin wani tela na Wudil da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana faɗa da iska ba. Har yanzu ma ban tabbata ba. Amma keken tserensa yana rataye a zauren gidana tun bayan rabon gado, kuma bana wani dalili ya taso da ya tilasta mini in yanke shawara: ko in kwance notin sirdin in daidaita shi da tsawona, ko in bar shi yadda mai shi ya bar shi. Wani zai ce wannan bai kai a kawo shi jarida ba. Mai yiwuwa da gaskiyarsa. Ni dai abin ya hana ni sukuni wata da watanni.

Bari in fara da irin tseren da yake yi, tunda ba kowa ya san shi ba. Akwai tseren keke na taro, inda ake tashi gaba ɗaya, wani ya laɓe a bayan wani, na gaba ya sha iska na baya ya huta. Munzali ba ya son wannan. Nasa shi ne wanda ake sakin mutum shi kaɗai, a danna agogo, sai ya kai ƙarshen hanya a sake dannawa. Ba ka da wanda za ka laɓe a bayansa, ba ka da wanda za ka ɗora wa laifi. Iska ce abokiyar hamayyarka, kuma ko a ranar da ganye ba ya motsi, gudunka da kansa ke haifar da ita. An ce iska na wahalar da mai kayan kara. To a kan keke mutum shi ne kayan karan: kafaɗunsa, kansa, gwiwoyin hannunsa, rigarsa idan tana da faɗi. Wanda ya iya dunƙule jikinsa ya rage wa iska abin kamawa, ba tare da ya rage wa ƙafafunsa ƙarfi ba, shi ke gaba.

A lokacin ina karatun injiniya a jami'ar garinmu. Wata rana a aji aka nuna mana yadda masu ƙera jirage ke manna gajerun zare a jikin fiffike, su sakar masa iska, su zuba ido. Inda zaren ya kwanta luf, iska na wucewa lafiya. Inda yake ta rawa ko ya juya baya, nan take turjewa. Da yamma na je shagonsa na ba shi labari, don hira kawai. Ya ɗage ƙafa daga keken ɗinki, ya dube ni, ya dubi tarin zaren da ke gabansa.

"Wato abin da suke yi da ƙatuwar fanka, ni ina da shi a cikin gwangwani?"

Na ce wataƙila, amma ba daidai ba ne, akwai abubuwa da yawa da ba za mu iya aunawa ba.

"Injiniya Wataƙila, bawan gidanmu," ya ce, "gobe bayan Asuba ka aro babur ɗin Kawu."

Shi ɗan mace ne, ni ɗan namiji, don haka tun muna yara kowa ke cewa ɗayan ne bawansa. Sunan nan kuwa ya bi ni har yau a cikin dangi.

Ya ɗinka wa kansa riga mai kama jiki, ya jera mata jajayen zaren ulu daga ƙeya zuwa ƙugu. Mai walda ya haɗa masa gajerun bututu biyu a gaban keken tseren, suna kallon gaba, da soso inda zai ɗora gwiwoyin hannu. Da yake ba a shiga cikin mutane da irin wannan riga, jallabiya yake zurawa a kai, sai mun bar gari ya tuɓe ya ba ni. A hanyar Lajawa akwai wani ɗan gangare da muka zaɓa. Zai tashi daga gindin wata tsamiya, ya kwanta a kan keken, ba ya taka feda, ya bar shi ya gangara har ya tsaya don kansa. Inda ya tsaya mu ajiye dutse. Sai ya canza abu ɗaya tak, ko tsayin sirdi, ko tazarar gwiwoyin hannu, ko yadda ya ajiye kansa, mu koma tsamiya. Idan dutsen ya matsa gaba, mun ci riba. Ni ina biye da shi a kan babur, waya a ɗaure a ƙirjina tana ɗaukar bayansa, domin mutum ba ya ganin ƙeyarsa, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Abin da ya fi ɓata mana aiki a farko, ban ji an ambace shi a aji ba. Gaisuwa ce. Lokacin da iska take kwance shi ne lokacin da manoma ke tafiya gona, kuma Munzali ba zai iya wuce dattijo da fartanya a kafaɗa ya yi shiru ba. Yana tsakiyar gangara sai ka ga ya ɗago, ya saki hannu ɗaya, "Sannunku Baba, an tashi lafiya? Ya iyali?" Zaren duka ya tashi tsaye, gwajin ya lalace. Na yi masa magana, ya ce gara ya zo na ƙarshe a tsere da a je a gaya wa Gwaggo ɗanta ya daina gaida mutane. A ƙarshe muka sami mafita. Kafin kowane gwaji zan riga shi gaba, in tsaya wa duk wanda na tarar a hanya, in gaishe shi gaisuwa cikakkiya, in ce ga Munzali nan tafe, yana gaishe ku, amma ba zai iya ɗagowa ba, a yi masa uzuri. Dattawan suka saba. Wani ma yakan ce da ni, "Ka ce masa mun amsa, ya ci gaba da ruku'unsa."

Ba zan ce mun gano abin da duniya ba ta sani ba. Mun dai gano, a jikinsa shi kaɗai, cewa sunkuyawa sosai ba kullum take ƙara gudu ba. Idan ya matse gwiwoyin hannu fiye da kima, numfashi ke gagararsa. Idan ya nutsar da kansa tsakanin kafaɗu kamar kunkuru, zaren ƙeyarsa yakan kwanta, amma ba ya ganin hanya sai 'yar tazara. A nan muka fi saɓani. Ni kullum ina cewa ya ɗago ko kaɗan, saboda awaki da ramuka. Shi kuma ya ce in da ni aka ba aikin ƙera keke, da burki huɗu zan sa masa. Ya shiga gasa a Kano lokuta da dama. Bai taɓa zuwa na ɗaya ba, kuma ba zan ƙara masa abin da bai samu ba don ya rasu.

Da na gama karatu aka tura ni hidimar ƙasa a Kudu. A cikin shekarar ciwon hanta ya kama shi. Idan na kira shi, amsarsa ɗaya ce: jiki da sauƙi, ana nan ana fama da iska. Ranar da ya cika ina kan hanya, kafin in iso an kai shi makwancinsa. Bayan damina biyu na je makabarta ban iya nuna kabarin da tabbaci ba, kamar yadda yake ga kowa. Tufafinsa an bayar, keken ɗinkin ya tafi hannun ƙanensa. Gwaggo ta roƙi magada su bar mini keken tseren. Da na rataye shi sai na ga cewa shi kaɗai ya rage da ke riƙe da awon jikin Munzali. Daga sirdi zuwa feda tsawon ƙafarsa ne. Daga sirdi zuwa soso tsawon bayansa ne. Ina shafa wa sarƙar mai, ina goge shi, amma ban taɓa kusantar noti ɗaya da sifana ba.

Yanzu nakan ga ɗaliban jami'a da sassafe a kan kekuna marasa nauyi, da hular kwano mai tsini ta baya. Wani ya nuna mini wata manhaja a wayarsa da ke ɗaukar mutum yana tuƙi ta zana masa kusurwar gwiwa da ta ƙugu nan take. Ina yawan tambayar kaina me Munzali zai ce. Ina jin zai karɓi wayar ya jujjuya ta, ya yaba, sannan ya tambaya ko ta iya gaida mutanen Lajawa. Ban sani ba. Wataƙila da ya fi kowa rungumarta. Abin da na lura da shi dai, kuma ina iya yin kuskure, shi ne yaran nan kowa shi kaɗai yake fita, abin sauraro a kunne, babu mai bin bayan wani.

Bana likita ya ce jinina ya hau, dole in riƙa motsa jiki. Ina da keke a zaure, amma na fi mai shi gajarta, ƙafata ba ta kai feda. Na ce to, kafin in taɓa komai, bari in auna yadda yake, in kwatanta da tsoffin bidiyoyinmu, waɗanda ban iya kallo ba tun rasuwarsa. Na zauna na kalla. Sirdin daidai yake. Amma a bidiyon soson gwiwar hannu yana ƙasa da sirdi sosai, a keken da ke gabana kuwa ya fi sirdin tsawo. An ƙara wani guntun bututu a ƙarƙashi, waldar ma ba irin ta farko ba ce. Shekara bakwai ina goge wurin ban gani ba.

Na tafi wurin Gwaggo. Munzali ɗan farinta ne, ban taɓa jin ta kira sunansa ba, ko yana raye. Ni kuma sunan mahaifinta gare ni. Bayan mun gaisa na tambaye ta ko wani ya taɓa keken kafin a ba ni.

"Shi ya taɓa abinsa, Babana. Da cikin ya kumbura ba ya iya sunkuyawa, ya kai aka ɗaga masa."

Na ce wato har a lokacin yana fita?

"Yana fita mana. A hankali dai. Na hana, na gaji." Ta ci gaba da tsince shinkafarta. "Rigar ma ta yi masa kaɗan, ya ɗinka wata. Hannunsa na rawa, ni nake ɗaura masa zaren a baya."

Na ce, "Gwaggo, to wa ke bin sa yana dubawa?"

"Haka na tambaye shi. Ya ce in ɗaura dai, kada ka dawo ka tarar ya yi sakaci."

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ban yi masa laifi ba, shi ma bai yi mini ba. Ni aiki aka tura ni, shi kuma bai so ya ɗaga mini hankali ina nesa. Amma na daɗe a zaune a tsakar gidan nan ina ganinsa a raina, yana gangarawa daga tsamiya, ƙirji a buɗe yana shan iska duka, jajayen zare na rawa a bayansa, hanya babu kowa a baya.

Ashe abin da na tsare shekara bakwai a matsayin kammalallen aikinmu, zaman marar lafiya ne. Da farko raina ya ce in kai wa mai walda ya cire ƙarin, in mayar da keken yadda yake a bidiyo, lokacin da mai shi ke da ƙarfi. Na yi kwanaki ina juya maganar. Sai na ga idan na yi haka na goge abu na ƙarshe da ya gwada. Dokarmu ita ce a canza abu ɗaya a koma tsamiya, kuma ya bi ta har jiki ya ƙi. Da jikin ya canza, bai rataye keken ba, ya sake auna kansa ya fita. Ni ne na rataye shi, ina ganin girmamawa ce.

Ranar Asabar da ta wuce, bayan Asuba, na sauko da keken na sa sifana a notin sirdi. Ya yi tsatsa, sai da na ɗiga masa mai na jira. Da ya motsa na san tsawon ƙafar Munzali ya tafi ke nan, kuma babu inda za a sake samunsa. Na sauke sirdin har ƙafata ta kai feda. Gaban keken ban taɓa shi ba. Na ɗora gwiwoyin hannuna inda ya ɗora nasa a watanninsa na ƙarshe, na ga bayana, da zaman ofis ya sandarar, ya karɓi wurin ba tare da ƙorafi ba.

Ban san me ke saura daga mutum bayan shekara bakwai ba, in ban da addu'ar da ake yi masa da alherin da ya riga ya aika. Kofin gasa bai bari ba, ɗa bai bari ba. A wurina dai ya bar keke mai rabi biyu, baya nawa, gaba nasa, kuma da shi nake fita yanzu, a hankali, ni kaɗai. Allah Ya ji ƙan Munzali, Ya yalwata masa kabarinsa, Ya ba Gwaggo ladan haƙurin da ba ta taɓa faɗa da baki ba. Mu da muka rage a hanya, Allah Ya sa mu iske su da imani.