'Yardada da Jan Ruwan Zuciyar Sa

Sunanta na yanka Safiya, amma daga Gwammaja har jami'ar da take aiki ba mai kiranta da shi. 'Yardada kowa ya sani, saboda a ɗakin kakarta ta tashi. Mahaifinta Malam Isyaku mahauci ne, yana da teburi a wajen Ƙofar Wambai, fawa kuwa gadon gidansu ce.

Ba ta yi dogon karatu ba. Difloma ta yi kan aikin ɗakin gwaje-gwaje, ta yi aure, ta haihu biyu, sannan aka ɗauke ta aiki a sashen da ake koyar da sinadaran jikin masu rai. Aikinta wanke kwalabe, haɗa ruwan gwaji, da jera wa ɗalibai kaya kafin malami ya shigo.

Wata shekara wani malami, Dokta Abdulhakeem, ya ce yana so ɗalibansa su ga saitokurom da idonsu. Da ta tambaye shi ko mene ne, ya ce wani jan furotin ne da ke cikin ƙwayoyin halittar jiki, mai ɗigon ƙarfe a tsakiyarsa. Idan mutum ya ci tuwo, jiki kan zaro wasu mitsi-mitsin abubuwa da ake kira elektiron daga abincin, sai saitokurom iri-iri su riƙa miƙa wa juna su, har na ƙarshe ya damƙa wa iskar da aka shaƙa. Ta wannan hanya ƙwayar halitta ke samun ƙarfin aiki. Da yake zuciya ba ta hutawa, namanta na cike da shi. Damuwarsa ita ce wanda aka yi oda daga ƙasar waje ya ƙi isowa, zangon karatu kuma na tafiya. Akwai hanyar tace shi daga zuciyar sa, wato bijimi, in ji shi, sai dai wahala.

'Yardada ta ce indai zuciyar sa ce, ba za ta gagara ba.

Ta karɓo zuciyar wurin mahaifinta da ɗuminta, ta sayi ƙanƙara wurin maƙwabciyarta mai zoɓo, ta zuba a kula. Karon farko aka ɗauke wuta, naman ya yi ɗumi, abin da ta samu wani baƙin ruwa ne mai ƙarni. Karo na biyu kitse ya toshe mata matata. A na uku ta zauna ta gyare kitsen tas da wuƙa, ta niƙa tsokar, ta jiƙa da ruwan asid, ta matse a ƙyalle kamar mai tace gasara. Bayan wasu matakai da Dokta ya nuna mata, ta tsiyaya ruwan cikin dogon bututun gilashi da aka cika da wani gari mai kama da rairayi. A hankali wani jan layi ya taru a sama. Da ta wanko shi, bai kai rabin kofin shayi ba. Ta daɗe tana ɗaga shi wajen taga tana kallo kafin ta kira kowa.

Malam Isyaku bai ji daɗi ba da ya ji cewa ragowar naman binnewa ake yi, tunda asid ya taɓa shi. Ya ce abin da iyali za su ci su ƙoshi bai kamata a wulaƙanta shi ba. Ba ta yi musu ba. Ranar Juma'a da yamma ta zo da 'yar kwalba mai ɗauke da jan ruwan nan, ta same shi a zaure, ta durƙusa ta gaishe shi. Ta ɗiga ruwan bitamin si a ciki, jan ya ɗan juya ya yi haske a gabansa. Ta ce ƙarfen ciki ne ya karɓi kayan da zai miƙa gaba.

Ya juya kwalbar a hannunsa. "To ni ma ina da shi?"

"Kana da shi, Baba. Har tururuwa da gero suna da nasu."

Ya ce Allah mai iko. Bai daina jin ciwon naman ba, amma daga ranar, duk lokacin da ta aiko, masu tsire haƙura suke yi da zuciya.

Shekaru sun ja. Tsohon ya rasu, ƙaninta Auwalu ya gaji teburin. Ita kuma ta ci gaba da karance-karance, har ta gano cewa hanta ma tana da nata dangin saitokurom, masu narkar da magungunan da ake sha. Shi ya sa idan matan unguwa suka kawo mata ƙwayoyin asibiti ta duba, takan tambaye su ko suna haɗawa da jiƙo, ta ce su faɗa wa likita, domin wani jiƙon kan sa magani ya daɗe a jiki ko ya fita da wuri.

Baɗi za ta yi ritaya. An haɗa ta da wata sabuwar ma'aikaciya, Ikram, tana koya mata aikin. Kwanan baya suna tsaka da matse ƙyalle Ikram ta tambaya ko an taɓa gwada zuciyar raƙumi, tunda ana yanka su a kwata. 'Yardada ta ce wannan bai taɓa zo mata a rai ba. Ta wanke hannu ta buga wa Auwalu waya, ya ce zai yi magana da masu yankan raƙuma, amma sai bayan Sallah.