Mayafan da Auta Ta Yafa

Shekara ashirin da biyu Mai-Mayafi ta yi a rumfa ɗaya, har aka zo faɗaɗa titi aka rushe layinsu. Ta kwaso kayanta cikin buhu huɗu ta jibge a bayan ƙofar ɗaki, ta zauna tana kallonsu. Autarta, wadda ta gama karatu ba ta sami aiki ba, ita ta ce mata ai kasuwa yanzu ta koma cikin waya.

"Ni da ko lambar babanki ban iya ajiyewa ba?"

"Umma, ke dai ki riƙe ki danna nan. Sauran nawa ne."

Uban ya yarda, amma ya ce kada fuskar 'yarsa ta fito. Sati biyu suka yi suna ɗaukar hoto a jikin farin bangon tsakar gida. Auta ta yafa mayafi ta juya baya, uwar ta danna. Rabin hotunan yatsan uwar ne ya rufe su, Auta ta yi ta dariya har tana riƙe ciki.

Saura kwana uku su buɗe shafin sayar da kayan, zazzaɓi ya kwantar da Auta. Ba ta tashi ba.

Wata biyar wayar tana cikin durowa. Sai da ƙanwar Mai-Mayafi ta zo ta tarar asu ya fara cin buhun da ke ƙasa, ta ce, "Yaya, wahalar yarinyar nan za ki bari ta lalace?" Ita ta buɗe mata shafin.

Da hantsi saƙon farko ya shigo. Kafin Mai-Mayafi ta taɓa komai, sai ga amsa ta tafi da kanta: "Sannu da zuwa! Umma na ɗaure kaya, yanzu za ta amsa miki." Ta saki wayar a kan tabarma. Ƙanwar ta ce ai Auta ce ta shirya shi tun tuni, ana iya gogewa. Mai-Mayafi ta ce a bar shi.

Ciniki ya buɗe. Ta koyi amsawa da murya, ta sami mai babur da ke kai saƙo tasha. Sai dai kowa abu ɗaya yake cewa: "Wanda ke jikin yarinyar nan nake so." Duk mayafin da za ta naɗe, sai ta fara kai shi hanci.

Wata rana wata mai saye daga gari mai nisa ta turo murya cikin raha: "Baiwar Allah, ban ga fuskarta ba, amma tsayuwarta ta nuna natsuwa. An yi mata miji? Ina da ɗa." Sau uku Mai-Mayafi tana fara magana tana gogewa. A na huɗu ta faɗi gaskiya. Matar ta kira, suka yi kuka tare, ba su taɓa ganin juna ba.

Yanzu ita ke ɗaukar sababbin kaya a rataye a igiya. Ta kama ɗaki a bakin titi saboda kaya sun yi wa gidan yawa. Mijinta kuwa har yau in ta miƙa masa wayar, mai ɗauke da hotunan Auta, don ya karanta mata adireshi, sai ya ce tabarau ɗinsa na ɗaki.