Baba Sittin da Gorar da Ya Bari a Firji

Ƙarfe shida da rabi na safe yake shigowa ta ƙofar bayan majalisa, wadda masu shara da direbobi ke bi. Yakan jingine kekensa a gindin tankin ruwa, ya naɗe hannun riga, ya nufi farar bas ɗin kwamiti. Sai ya zagaya ta yana bugun tayoyi da ƙafa, ya duba mai da ruwa, ya goge gilashi, ya karkaɗe kujeru goma sha takwas ɗaya bayan ɗaya. In ya gama ya wanke hannu, ya koma kan bencin da ke bakin gareji ya zauna. Ƙarfe takwas wani direban zai zo da makulli ya tayar da motar ya fita da ita. Shi kuwa yana nan kan benci har ƙarfe huɗu.

Shekara takwas ya yi a haka. Ranar Alhamis da ta wuce ya yi ritaya. Rumfata ta gyaran rediyo tana kallon ƙofar nan, na ga shigarsa da fitarsa tun yana da baƙin gashi, shi ya sa na ga bai kamata ya tafi gida shiru ba.

Baba Sittin ake ce masa, domin allurar nuna gudun motarsa ba ta taɓa wuce sittin ba. Shekara goma sha tara yana tuƙa 'yan kwamitin lafiya na majalisa. Sukan tsokane shi su ce ko su sauka su tura ne, shi kuma ya ce ƙuri'un mutane dubbai ya ɗauko, ba zai zubar da su a kwalta ba. Bai taɓa karce motar ba, kuma ba a taɓa jin maganar cikin mota a bakinsa ba. Dokar aikinsu ke nan: direba yana da ido don hanya, ba shi da kunne, ba shi da baki.

Ga wanda bai sani ba, aikin kwamiti shi ne bin sawun gwamnati. In gwamnati ta ce ta yi abu, wakilan da muka zaɓa su je su gani da idonsu, su dawo su faɗa wa majalisa ko an yi ko ba a yi ba. A shekarar da nake magana, gwamnati ta ce ta sa wa ƙananan asibitoci arba'in firji mai aiki da hasken rana, da gadaje, don a riƙa ajiye allurar rigakafi da allurar da ke tsayar da jini bayan haihuwa, waɗanda zafi ke lalatawa. Abin da ya rage shi ne kwamiti ya gani ya sa hannu, a ce shiri ya kammala.

Yadda ake irin wannan ziyara kuwa, ma'aikatar da za a bincika ita ce ke tsara hanya. Motarta na gaba, bas ɗin kwamiti na biye. Asibiti ɗaya a rana, kwana uku. An saba da haka har ba wanda ke ganin abin mamaki ne a ce wanda za a bincika shi ne ɗan jagora.

A asibitin farko komai tsaf. Ƙamshin fenti, gadaje shida da fararen zannuwa, ga firji a kusurwa yana ƙugi. Da manya suka fita ɗaukar hoto, Baba Sittin ya roƙi nas ɗin da ke riƙe da wurin ta bar shi ya sa gorar ruwansa ta ɗan yi sanyi. Gorar roba ce, mai ɗakinsa ta ɗinka mata riga da shuɗin ƙyalle, har da maɗauki. Ya tura ta can ƙasa bayan kwalaye. Aka yi kiran mota da gaggawa, ya manta da ita.

Kashegari suka je asibiti na biyu, tafiyar awa biyu ta wata hanyar daban. Nan ma fenti, gadaje shida, firji a kusurwa. Ya sayi ruwan leda ya nemi izinin sa shi a firji. Yana buɗewa ya ga gorarsa, da shuɗiyar rigarta, a inda ya ajiye ta jiya.

Ya gaya mini cewa ya daɗe a tsugune. Ya ɗaga kwali ɗaya ya ji ba nauyi, ya ɗaga na biyu, haka. Bai ɗauki gorar ba. Ya mayar da ƙofa ya rufe, ya fita. A rana ta uku, a asibiti na uku, ya sake buɗewa, tana nan. Firji ɗaya ne da gadaje shida ake lodawa a babbar mota da zarar kwamiti ya juya baya, a riga shi isa gaba.

Mai ɗakinsa ta ce kwana biyun nan ko abincin kirki bai ci ba. Da ya gaya mata, ta ce masa: "Malam, 'ya'yanmu huɗu, kuma kai ba kai aka zaɓa ba." Bai musa mata ba, domin gaskiya ta faɗa.

A hanyar komowa ta rana ta uku, motar ma'aikata ta gaji da sittin ɗinsa ta yi gaba abinta. A cikin bas magatakardan kwamiti ya riga ya fara karanta wa shugaba daftarin rahoto, mai cewa sun gani sun gamsu. Da suka kusa mararrabar da ke shiga asibitin farko, Baba Sittin ya rage gudu, ya yi abin da bai taɓa yi ba cikin shekara goma sha tara. Ya yi magana.

"Ranka ya daɗe, na manta gorata a asibitin shekaranjiya. A ba ni minti goma."

Shugaban kwamiti ya ce a kan gora za a ɓata wa mutum goma sha biyu lokaci? Ya wuce, za a saya masa goma.

"Ranka ya daɗe, uwargida ce ta ɗinka mata riga. Ba ka san matar ba ne."

Mota ta kwashe da dariya. Akwai wata 'yar majalisa a kujerar baya, tsohuwar malamar makaranta ce, kowa Malama yake ce mata. Ita ta ce a bar bawan Allah ya je, kada uwargida ta sa ya kwana a waje. Ya karya kan mota.

Magatakardan ne ya ba ni labarin abin da suka tarar. Fentin na nan. Inda firji yake sai shatin ƙafafunsa huɗu a kan siminti da wayar lantarki tana reto. Ba gado ko ɗaya. Wata mace da ta haihu da safe tana kwance a ƙasa kan kwali, an rataye mata ledar ƙarin ruwa a jikin ƙusa, uwarta na yi mata fifita da murfin kwano. Malama ce ta fara shiga, don ta miƙe ƙafa kawai ta sauko. Ta fito ta tsaya a bakin ƙofa ta ce wa sauran su sauko duka.

Shugaba ya tambayi nas ina firjin. Ta ce da safe ya zo, da la'asar ya tafi. Ya ce to me ya hana ta faɗa musu shekaranjiya? Ta dube shi ta ce: "Kun tambaye ni ko yana aiki. Yana aiki. Ba wanda ya tambaye ni yaushe ya zo."

Har suka iso gari ba wanda ya ƙara dariya.

Na ji zaman majalisa da aka kira ministan lafiya a rediyon wani da nake gyarawa. Malama ta yi masa tambaya ɗaya sau huɗu: firji nawa ne a asibitoci arba'in ɗin? Ya yi bayanin tsari, ya yi bayanin matakai, ya ce wanda suka gani samfuri ne na nuni. A karo na huɗu ya ce zai bincika ya dawo. Majalisa ta ƙi amincewa da cewa shiri ya kammala. Bayan shekara guda firji ya isa asibitoci goma sha ɗaya. Sauran ashirin da tara har yau shiru. Minista ya ƙarasa wa'adinsa lafiya lau.

Nas ɗin aka ce ta zubar da mutuncin aiki, aka jefa ta wani asibiti mai nisan kwana guda a mota, ta bar 'ya'yanta uku wurin ƙanwarta. Baba Sittin kuma aka ba shi takardar tuhuma kan sauka daga hanyar da aka tsara, aka karɓe makulli. Ba a kore shi ba. An dai ce ya riƙa zuwa yana jiran umarni.

Bayan wata guda shugaban gareji ya kira shi ofis ya tura masa wata takarda. An rubuta cewa Malama ce ta kitsa komai, ita ta sa shi ya juya mota don ta kunyata gwamnati. In ya sa hannu, makulli na kan tebur, ya ɗauka. Ya karanta da yatsa, layi layi, ya mayar. Ya ce Malama ba ta san komai ba sai da ta gani. Shugaban gareji ya ce takardar na nan a aljihun tebur duk ranar da ya gaji da benci. Kowace shekara sai ya tuna masa. Sau takwas.

Wanda bai taɓa tuƙi ba ba zai san abin da aka yi masa ba. Mutum ne da ke gane ciwon inji daga ƙararsa. Aka zaunar da shi yana kallon wasu na fita da motarsa suna dawowa da ita a karce. Alawus na tafiya ya tsaya, babbar 'yarsa ta bar karatun jinya a shekara ta biyu. Waɗanda yake ɗauka da can suka koma wucewa ta gabansa suna duba waya.

Na daɗe ina juya al'amarin nan a raina, kuma ba zan ce na warware shi ba. Ƙarya ya yi? Ya ce ya manta gorarsa a asibitin shekaranjiya, kuma a can ya manta ta. Amma ya san ba ta can. Sannan wa ya ba direba ikon zaɓar abin da wakilan jama'a za su gani? In kowane direba zai riƙa juya mota inda ya ga dama, ina za a tsaya? Na yi masa tambayar nan wata rana. Ya ce shi bai gaya musu abin da za su yi ba, bai ce kowa ɓarawo ne ba. An ɗauke shi ya kai su su gani, kwana uku yana kai su inda ba za su gani ba, sai ya ga ashe shi ma yana cikin masu ɗaukar firjin.

Abin da ya fi damunsa nas ɗin ce. "Ni benci na samu a garinmu," in ji shi. "Ita aka raba da 'ya'yanta, kuma ban shawarce ta ba." Ya taɓa zuwa har can ya nemi gafararta. Ta ce masa ba shi ya tura ta ba, amma ba ta ce ta ji daɗi ba. Da wannan amsar ya dawo, da ita yake zaune. Ban san yadda ake auna firji goma sha ɗaya da uwar da ba ta ga girman 'ya'yanta ba. Na dai san waɗanda suka loda firjin ba su taɓa zama sun yi wannan awon ba, shi kaɗai yake yi.

Baba Sittin, kai ne ka nuna mana cewa majalisa na iya samun doka da kwamiti da mota, ta je ta dawo ba ta ga komai ba. Kai ne ka tsaya inda ba a share ba. Minti goma ka roƙa, aka karɓi shekara takwas, kuma kullum takardar da za ta fanshe ka na nan taku ashirin daga bencinka. Ba ka ɗora wa wadda ba ta ji ba ta gani ba laifi don ka koma bayan sitiyari.

Ranar Alhamis ba a yi taro ba. Direbobi suka haɗa lemo da biskit a bakin gareji. Malama, wadda ta faɗi zaɓe tun tuni, ta zo a motar haya ta zauna kusa da shi a kan bencin. Can direban da ya gaje shi ya zaro makulli ya miƙa masa, ya ce: "Baba, ko daga nan zuwa bakin ƙofa ne, ka ɗan taɓa ta. Ba wanda zai ce komai."

Ya dubi makullin, hannunsa har ya ɗan motsa. Sai ya tambaya ko ofis ne ya ce a mayar masa. Direban ya ce a'a, shi ne dai ya ga ya dace.

"To riƙe abinka, ɗana. Na gode. Na ga yadda kayan aro ke zuwa da safe su tafi da la'asar."

Ya ɗauki tsummansa ya ninke ya ajiye a kan kujerar direba, ya tura kekensa ya fita.

Mun gode, Baba. Allah ya ba ka lafiyar hutawa, ya saka wa mai ɗakinka da ta jure, ya mayar da nas ɗin nan cikin 'ya'yanta. Ku kuma da muka zaɓa, in kun je gani da ido, ku tambayi yaushe abin ya zo, ku kuma koma bayan kwana biyu ba tare da sanarwa ba. Kada ku jira sai direba ya sayar da aikinsa kafin ku yi naku. Mu sauran, masu shara da masu gadi da masu ɗaukar fayil, da duk wanda ke tsayawa ta ƙofar baya yana ganin abin da ake lodawa, kowannenmu akwai mararrabar da zai iso wata rana.

Gorar dai ba ta dawo ba. Na tambaye shi ko ya san inda take. Ya ce a'a, amma yana fata duk inda aka sauke firjin nan a ƙarshe, an bar shi a wurin.