Sifika Shida a Gonar Badamasi

Badamasi manomin shinkafa ne a fadamar Auyo, mutum mai taurin kai. Ya daɗe yana korar jan-baki, tsuntsayen nan masu cinye shinkafa, da sifika biyu da faifan kiɗan ganga. Da ƙara ta tashi daga gabas, sai su gudu yamma, su sauka a gonar surukinsa Sunusi.

Bana sai ya sayo faifai a Haɗejiya mai fitar da sauti ta kowace kusurwa, ya kewaye gonar da sifika shida. Tsuntsaye suka ji ganga gaba da baya, dama da hagu. Da suka rasa mafita, suka sauka tsakiya suka cinye shinkafar tas.

Bayan girbi Sunusi ya kawo masa buhu guda, ya ce, "Allah ya ƙaro sifika."